Sunan Baba Asumanu a Jerin Mamata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, da ranar da aka yi wa Baba Asumanu addu'ar mamaci alhali yana zaune a layin gaba yana jan carbi. Ni na jawo, kuma da yatsa ɗaya na hannun hagu. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa. Na ga gara in ba da labarin da bakina, tunda mutanen Arlit sun riga sun ba da nasu, kuma nasu ya fi nawa gishiri.

Na dawo gida daga Yamai da takardar shaidar karatun kwamfuta, da girman kan da ya fi takardar nauyi. Aiki kuwa babu. Tun da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan unguwar ta yi tsit, gidaje da yawa a kulle, masu su sun tattara sun koma Maradi da Damagaram da Tawa. Ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan rami ce ta ɗauke ni sakatariya, albarkacin mahaifina, wanda ɗan ƙungiyar ne har Allah ya yi masa rasuwa shekara uku kafin nan. Biron namu, wato ofis, ɗaki ɗaya ne, da tebur, da fanka mai ƙara, da kwamfutar hannu guda da wani ya ba su kyauta, suka lulluɓe ta da zane don kada ta lalace.

Baba Asumanu aminin mahaifina ne. Mota ɗaya ta kawo su daga ƙauyensu na ƙasar Adar tun suna samari, rami ɗaya suka shiga, kuma ranar da aka kai mahaifina makwancinsa shi ya dafa kaina ya ce, "Kin rasa guda, guda na nan." Ba daɗin baki ya yi ba. Shi ya je ya yi magana aka ba ni aikin, shi kuma yake shimfiɗa tabarma a ƙofar biro kowace safiya ya hura gawayin shayi, wai yana gadina. Injiniya yake kirana, rabi yabo rabi tsiya. In ka cire Inna mahaifiyata, babu wanda nake tsoron rasawa a duniya kamarsa.

Ƙungiyar tana da al'ada. Sau ɗaya a shekara ana taron addu'a, a karanta sunan duk ɗan ƙungiyar da ya rasu tun daga na farko, kowa da lambarsa ta aiki, wadda suke kira matirkil. Mai karatu ya faɗi lamba, ya faɗi suna, ya ce Allah ya jiƙansa, jama'a su ce amin. Tsofaffin nan ba sa wasa da lambar: mutum zai manta shekarun ɗansa na fari amma ba zai manta matirkil ɗin wanda suka yi aiki tare ba. Da can da hannu ake kwafo sunayen daga wata tsohuwar rajista. Ni kuwa na ce wannan wahala ta ƙare, zan rubuta musu manhaja. (Babu wanda ya roƙe ni. Aikin da alƙalami zai gama a yini ɗaya na mayar da shi na wata guda, don kawai a san na yi karatu.) Na yi fayil ɗaya na duk ƴan ƙungiya, suna da lamba. Na buɗe na biyu na sunayen mamata zalla, babu lamba. Manhajar ce za ta haɗa su, ta liƙa wa kowane mamaci lambarsa, ta fitar da takardar da za a karanta.

Ga wanda bai san aikin ba, umarnin da ake ba kwamfuta, wanda muke kira kod, a cikin wata manhajar rubutu ake tsara shi, kuma akwai ƴan ƙananan mataimaka da ake ɗaura mata. Ƙawata Nafisa, da muka yi karatu tare, ta aiko mini da ɗaya, ta ce shi ake yayi a Yamai. In ka yi kuskure ya ja maka jan layi a ƙarƙashi. In ka fara rubutu ya ƙarasa maka. Harafi biyu za ka buga sai sauran maganar ta bayyana a gabanka da rubutu toka-toka, dushi-dushi. In ka yarda da ita ka danna maɓallin Tab, ta koma baƙa, ta zama taka. In ba ka yarda ba ka ci gaba da rubutunka, ta ɓace.

Ni dai na yarda da komai. Tab, Tab, Tab, yini guda ƙaramin yatsana yana kan maɓallin nan, har ya koyi dannawa ba tare da ya shawarce ni ba. Kod yana ta tsawo a gabana ina jin kaina, Baba yana leƙowa yana cewa, "Injiniya, ke da abin nan wa ka aika wani?" Ni kuma in ce masa ci gaba ke nan.

Wata Litinin bayan azahar ina zaune ni kaɗai ina kwafe sunayen mamata daga rajista. Wanda ya san Akokan da ƙarfe biyu na rana ya san irin shirun da nake nufi. Ko akuya ba ta kuka. Baba ya naɗe tabarmarsa ya tafi, ta taga kuma babu abin da ake hangowa sai tsaunukan ƙasar da aka tono daga rami, da ƙofofin gidajen da babu kowa a ciki. Na rubuta Idi, na rubuta Garba, na rubuta sunan mahaifina (na ɗan tsaya a nan), na rubuta Hamidu, na rubuta Isufu. Ina sauka sabon layi, ban taɓa ko harafi ɗaya ba, sai ga suna ya fito da kansa, toka-toka: Shaibu Dogo.

Yatsana ya danna kafin idona ya gama karantawa. Sunan ya koma baƙi. Na duba rajista, babu shi a cikin mamata, kuma ni kaina na san Malam Shaibu, ya koma ƙauye wajen ƴaƴansa shekara biyu da suka wuce, har yana aiko wa Baba gaisuwa. Na yi dariya, na ce wa kwamfutar, "Ke ma kin fara shirme," na goge, na ci gaba da aikina.

Ranar Laraba Baba ya zo bai hura gawayi ba. Ya zauna a bakin tabarma ya cire hularsa ya riƙe.

"Shaibu ya riga mu," ya ce. "Yanzun ga anka bugo min. Jiya da la'asar."

Na yi salati, na yi masa ta'aziyya, na shige ciki. Na daɗe ina kallon kwamfutar kafin na buɗe ta. Na koma daidai inda na goge sunan, ƙarƙashin Isufu, na rubuta shi da kaina, harafi bayan harafi. Na sauka layi. Fanka tana ta ƙararta. Sai ga wani suna ya fito, a hankali kamar mai sallama: Asumanu Ibro.

Na janye hannuna kamar na taɓa garwashi. Ta ƙofa ina hango ƙeyarsa, da furfurarsa, da hular a hannunsa.

Na sani, na sani. Na yi shekara uku ana koya mini cewa kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata, kuma tun ina ƙarama aka koya mini cewa Allah kaɗai ya san ranar kowa. Duk biyun na yarda da su da rana tsaka a gaban mutane. Amma a cikin ɗakin nan, ni kaɗai, lissafin da zuciyata ta yi shi ne: na danna wa Malam Shaibu, kwana ɗaya ya mutu. Ke nan muddin sunan Baba yana toka-toka, da sauran kwana. Ranar da ya koma baƙi, shi ke nan, kuma ni na kashe shi.

Mai hankali zai ce to ki cire mataimakin mana. Ga gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba: ba zan iya ba. Saura kwana goma taron addu'a, manhajar ba ta kammalu ba, kuma rabin kod ɗin da ke cikinta ba ni na rubuta ba, Tab na danna. In na cire shi ban san inda zan kama ba. Nafisa kuwa ban kira ta ba, don na riga na ji dariyar da za ta yi. Saboda haka na yi abin da ya dace da mai takardar shaida daga Yamai. Na naɗe ƙaramin yatsana da filasta don kada ya yi gaban kansa. Sannan, da na ga duk safiya in na kunna kwamfutar a kan wannan layin take buɗewa, sunan yana nan yana jirana, sai na yanko ƴar takarda na liƙa a jikin gilashin, daidai wurin. Kwana goma ina aiki ina leƙen kod ta sama da ta ƙasan takarda.

Baba kuwa ya ga ta kansa. Na hana shi shayi na uku, na ce sukari ya yi yawa. Ya yi atishawa na ce mu je asibiti. Yana da ɗan lambu a bakin gari da yake zuwa da tsohon babur ɗinsa, sai na sace makullin na jefa a aljihun tebur, don kada mota ta buge shi. Me ya faru? Ya nema ya nema bai gani ba, ya ɗauki sandarsa ya tafi da ƙafa, cikin ranar da take soya ƙwai. Na tsaya a ƙofa ina kallonsa yana ƙanƙancewa a kan hanya, ina kuka ina tsine wa kaina.

Wata safiya na durƙusa a gefen tabarmarsa.

"Baba, don Allah ka yafe mini duk abin da na taɓa yi maka."

Ya ajiye butar shayi ya dube ni. "Mi kinka yi min?"

"Ba komai. Neman yafiya dai."

"Wanda bai yi komi ba, mi za a yahe mai? Ɗiyata, ko wani yaro kinka samu kina jin kunyar hwaɗi?"

Na ce a'a. Ya daɗe yana kallon filastar da ke yatsana, ya ce to ya yafe, duniya da lahira. Jin kalmar lahira daga bakinsa ya sa na tashi da gudu na shige ciki.

Jajibirin taro aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, yini guda, don haka sai da safen ranar na zo buga takarda, ana ta kafa rumfuna a ƙofar biro, ana jan kujeru, shugaban ƙungiya, wanda kowa ke kira Farzidan, yana aiko mini cewa a yi sauri. Na kunna kwamfuta ta buɗe a inda ta saba. Don in tsallaka zuwa wurin bugawa, maɓalli biyu ake dannewa tare, kuma ɗayansu Tab ne. Da yake ƙaramin yatsan yana ɗaure, na yi amfani da na kusa da shi, cikin gaggawa. Na danna, ban ga komai ya motsa ba. Na sake dannawa, ya tsallaka. Na buga shafi huɗu, na ninke ba tare da na duba ba, don ba na son idona ya sauka ko kusa da wurin nan. Na miƙa wa Farzidan da hannu biyu, har ina ɗan rusunawa.

Da hantsi wuri ya cika. Maza a gaba, tsofaffi cikin fararen riguna, wasu da sanda, wasu da tari. Mu mata a baya, galibi matan mamatan, Inna tana gefena. Liman ya buɗe da addu'a, Farzidan ya gyara tabarau ya karɓi mikro ya fara. Lamba, suna, Allah ya jiƙansa, amin. Lamba, suna, Allah ya jiƙansa, amin. Jerin yana da tsawo, kuma in aka yi nisa muryar mai karatu da ta masu amsawa sukan zama kamar rarrashin jariri, kowa kansa a sunkuye.

"Ɗari biyu da talatin da ɗaya, Idi Mahamman. Allah ya jiƙansa."

"Amin."

"Ɗari biyu da talatin da biyu, Garba Alu."

Talatin da uku mahaifina ne. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Talatin da huɗu, Hamidu. Talatin da biyar, Isufu. Talatin da shida, Shaibu Dogo, wanda amin ɗinsa ta fi sauran ƙarfi don mutuwarsa ɗanya ce.

A nan ne, tsakanin wannan amin da numfashin da Farzidan ya ja, kaina ya buɗe. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Ni ban taɓa ganin lambobin mamatan a jere ba, don fayil ɗin mamata sunaye ne kawai. Amma mataimakin yana ganin ɗayan fayil ɗin, na duk ƴan ƙungiya, wanda yake buɗe a gefe, a jere bisa lamba. Ya ga na kwafo biyar a jere, ya miƙo mini na shida. Ya ga shida, ya miƙo na bakwai. Ba gaibu ya sani ba, bin layi kawai yake yi. Wani irin daɗi ya lulluɓe ni, nauyin kwana goma ya sauka daga ƙirjina, har na yi murmushi. Ni, a wurin addu'ar mamata, haƙora a waje. Mata uku sun gan ni, kuma sun ba da shaida daga baya.

Ina cikin murmushin Farzidan ya ce, "Ɗari biyu da talatin da bakwai, Asumanu Ibro. Allah ya ji..."

Ya tsaya. Amma na baya ba su tsaya ba, sun riga sun saba. Amin ta taso daga layukan baya, ta zo tsakiya ta raunana, ta mutu kafin ta kai gaba.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Mikro yana ɗan huci, wata tabarma tana kaɗawa a jikin rumfa. Tsohon da ke dama da Baba ya ɗan ja jikinsa gefe, na hagu ma haka, ba da niyya ba na tabbata, amma kowa ya gani. Baba ya naɗe carbinsa a hankali. Ya dafa sanda ya miƙe tsaye, ya daidaita kafaɗunsa, ya amsa da Faransanci yadda suke amsa kiran suna a bakin rami:

"Présent."

Babu wanda ya yi dariya. Tsigar jikina ta tashi, don muryar tasa ta fito a bushe kamar daga nesa. Matarsa, Inna Hajo, ta saki salati mai ƙarfi.

Farzidan ya cire tabarau ya juya takardar gaba da baya. "Wa ya buga wannan?" Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Ya hango ni. "Yarinya, kai ne? Zo nan." (Farzidan mutumin Abzin ne, a Hausarsa kowa "kai" ne, ba zagi ba ne.)

Na ratsa tsakanin kujeru ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bayanin yana kaina tsaf, minti ɗaya ya ishe ni. Amma bakina ya zaɓi ya fara daga farko, kuma ban lura mikro yana dab da haɓata ba.

"Ba ni ba ce, Farzidan, kwamfuta ce take kawo sunan da kanta. Haka ta kawo na Malam Shaibu kwana ɗaya kafin ya rasu..."

Lasifika ta kai maganar har bakin titi. Sauran bayanin ban samu na yi ba. Wuri ya kaure da a'uzubillahi, liman yana ɗaga hannu a yi shiru, wasu mata suka miƙe suna neman takalma. Wani tsoho daga layi na biyu ya ɗago murya ya ce, "Ɗiya, ni hwa? Ta ambace ni?" Da gaske yake tambaya. Na waiwaya ina neman Baba, sai na hango bayansa, ya sa takalmansa yana tafiya shi kaɗai, bai juyo ba.

Kwana uku ƙofar biro babu tabarma. Babu kuma mai shigowa. Masu wucewa sukan ƙara sauri in sun zo daidai taga, wani tsoho da dole ta kawo shi ya tsaya daga waje ya ce in rufe abin tukuna kafin ya faɗi sunansa. A kasuwa labarin ya girma har an ce kwamfutar tana magana da muryar mahaifina. Duk wannan da sauƙi. Wurin nan da babu tabarma shi ya hana ni cin abinci. Na ji tsoron mutuwa za ta raba ni da shi, ga shi na raba mu da hannuna yana raye.

Rana ta huɗu Inna ta ce, "Ɗauki abin nan naki ki je ki iske shi lambu. In ya kore ki, ki sake komawa."

Na tarar da shi yana buɗe wa albasa ruwa. Na yi sallama ya amsa bai ɗago ba. Ya bar ni a tsaye har ya gama shayar da kwali uku na shukar, sannan ya wanke hannu ya zauna a gindin bishiya. Na durƙusa na ajiye makullin babur a gabansa tukuna. Ya dubi makullin, ya dube ni. Na kwashe komai na gaya masa, tun daga Litinin ɗin nan, da filasta, da takarda, ina yi ina sheshsheƙa.

"Buɗe in gani," ya ce.

Na buɗe. Na ɓare takardar da ke jikin gilashin, ga sunansa nan baƙi ƙirin a ƙarƙashin na Malam Shaibu. Na goge shi, nan take ya dawo toka-toka. Baba ya matso da fuskarsa, ya sa yatsa yana bin sunayen daga sama, leɓɓansa suna motsi.

"Mu bakwai munka zo cikin kamyo, babbar mota guda," ya ce. "Munka yi layi bakin taga, mai rubutu na ba da lamba. Idi na gaba, don ya hi mu baki. Ubanki na ukku. Ni na ƙarshe, takalmina yat tsinke na tsaya ɗauri." Ya janye yatsansa daga gilashin. "Ke kina tsammani sai wannan abu ya hwaɗa min? Kowace shekara ina zamne ina ji ana ƙirga. Bara anka tsaya ga biyar, bana ga shidda. Ni ma na iya ƙirga, ɗiyata."

Ya ci gaba.

"Suna kau, kuskure na, kowa na yi. Abin da yat taɓa ni, kwana goma kina bankwana da ni ke ɗai, kina kallona kamar gawa, kina hana ni shayi, ba ki buɗe baki kin ce Baba ga abin da ka damuna ba. In ba ki hwaɗa min ba, wa za ki hwaɗa ma?"

Wannan ta fi ta gaban mikro ciwo. Na sunkuyar da kai na ce na tuba.

Ya ce wanne ne maɓallin. Na nuna masa, zuciyata tana bugawa duk da na san gaskiya. Ya sa babban yatsansa mai kaushi ya danna. Sunan ya koma baƙi. Muka jira, ruwa yana gudu a kwali. Ya taɓa ƙirjinsa ya ce har yanzu dai yana bugawa. Sannan ya ce in sauka layi ya ga wanda ke bayansa. Na sauka. Sunan Farzidan ya fito, lamba ta talatin da takwas.

Baba ya yi dariya har ya kwanta gefe, dariyar ta koma tari, ni kuma na zabura ina bubbuga bayansa. Ya ture hannuna ya ce, "Tari na, na tun kahin a haihe ki. Goge, goge. Kak ki kuskura ki hwaɗa mai, hawan jini garai."

Na goge duka biyun. Ina rufe kwamfutar ya ɗora hannu a kanta, dariyar ta bar fuskarsa.

"Abu guda nika roƙo. Ranar da ta zo, don tana zuwa, ke za ki sa sunana. Amma kak ki bari abin ga ya ƙarasa miki. Ki rubuta shi da hannunki, baƙi bayan baƙi, har ƙarshe."

Na yi masa alkawari. Ya ce to in tashi in ɗebo masa albasa in kai wa Inna.

Washegari tabarma ta dawo, da shayi uku cif, kuma ban ce uffan ba. Farzidan ya mayar da karatun sunaye ga tsohuwar rajista, ban ga laifinsa ba. Nafisa, da na daure na ba ta labari, ta yi dariyar da na hango tun farko, har ta ƙara. Mataimakin yana nan ina aiki da shi, sai dai yanzu ina karanta abin da ya miƙo kafin in karɓa, a fayil ɗin mamata kuwa na kashe shi gaba ɗaya. Darasin da na samu ba na masu digiri ba ne: duk takardar da za ka miƙa wa mai mikro, ka karanta ta tukuna. Sannan akwai sunan da bai kamata ya yi maka sauƙin rubutawa ba.